Ravnica: Sihiri Goma Ne, Ko Ɗaya Ne Mai Riguna Goma?

Ravnica birni ne da ya cinye duniyarsa kaf. Duk inda mutum ya dosa gini ne a kan gini, gada a kan gada, a ƙarƙashin ƙasa kuma ga tsofaffin unguwannin da aka binne aka ɗora sababbi a bisansu. Ƙagaggen wuri ne, ɗaya daga cikin duniyoyin wasan katin nan mai suna Magic: The Gathering, wanda wani masanin lissafi ɗan Amurka, Richard Garfield, ya ƙirƙiro, kamfanin Wizards of the Coast kuma ya fitar da shi kasuwa a 1993. A 2005 aka fara shiga da 'yan wasa wannan birni, aka koma a 2012, aka sake komawa a 2018, aka kuma leƙa a 2024. Kowace komawa sai ta tono wata tsohuwar gardama tsakanin masoya wasan, kuma har yau ba a binne ta ba.

Ga tushen maganar. A wannan wasa, duk wani sihiri yana cin makamashi da ake jawowa daga ƙasa, kuma makamashin launi biyar ne, kowane da halinsa. Fari na tsari ne da doka da zaman jama'a. Shuɗi na ilimi ne da dabara. Baƙi na son mulki ne da neman na kai ko ta halin ƙaƙa. Ja na zafin zuciya ne da wuta da 'yanci, kore kuwa na halitta da girma. In ka haɗa launuka biyar biyu-biyu, goma za ka samu, kuma ƙungiyoyi goma ne ke riƙe da Ravnica. Azorius, masu fari da shuɗi, su ne majalisa da kotu. Boros sojoji ne da 'yan sanda. Izzet injiniyoyi ne, su ke kula da tukwanen tururi da magudanan ruwa, a da ƙarƙashin wani dodo mai aman wuta, Niv-Mizzet. Orzhov gidan ibada ne a fuska, banki a ciki. Golgari na ƙarƙashin ƙasa su ke kwashe shara da gawa, su noma abincin talaka a kan ruɓaɓɓen abu. Sai Simic masu magani da sauya halittu, Selesnya masu zaman tarayya a gindin babbar bishiyarsu, Rakdos 'yan wasan tashin hankali, Gruul mazauna kufai, da Dimir 'yan leƙen asiri, waɗanda aka daɗe ana ɗauka almara ce kawai.

Tambayar da ta raba masoya gida biyu ita ce: shin kowace ƙungiya tana da nata sihirin ne, wanda a asalinsa ya bambanta da na saura, har bare ba zai iya shi ba? Ko kuwa abu ɗaya ne kowa ke ɗiba, bambancin sana'a da sutura ne kawai?

Masu cewa goma ne

Waɗannan da katunan suke fara kafa hujja, kuma hujjarsu tana da ƙwari. A zuwa uku na farko da aka yi birnin an ba kowace ƙungiya dabarar wasa tata ta kanta, kuma ko da dabarar ta sauya, ƙanshinta ba ya sauyawa. Golgari ne misalin da suka fi so. A 2005 dabararsu ita ce dawo da kati daga maƙabarta, wato tulin katunan da aka riga aka kashe. A 2012 sai ya zama ana kwashe ƙarfin mataccen mayaƙi a ɗora wa mai rai. A 2018 kuma ƙarfin sihirinsu yana ƙaruwa gwargwadon yawan gawawwakin da ke kwance a maƙabartarsu. Dabara uku cikin shekara 13, duka a kan mutuwa suke kiwo. Simic ma haka: sau uku ana ba su dabara, sau ukun duk ƙara wa halitta girma ne mataki-mataki. Izzet ba su taɓa barin sihirin da ake harbawa nan take ba, ko a ninka shi, ko a faɗaɗa shi ya game kowa, ko a sake harba wanda aka riga aka harba. Masu wannan ra'ayi sai su ce, ruwa ba ya tsami banza. Da bambancin na riga ne, da an ga Golgari wata rana suna abin da ba ruwansa da kabari.

Hujjarsu ta biyu daga labari take. Orzhov suna ba da bashi, kuma mutuwa ba ta yanke bashin. Kurwar wanda ake bi tana ci gaba da bauta har ta biya. Shugabanninsu na da kansu fatalwowi ne, majalisar Obzedat, tsofaffin attajiran da suka mutu suka ƙi sakin dukiya. Ba a jin ɗan Boros yana ɗaure kurwa da takardar rance, ko da yake yana tarayya da Orzhov a launin fari. 'Yan Selesnya suna jin muryar juna a zuci, suna haɗa ƙarfi su tayar da abin da mutum ɗaya ba zai iya ba. A kati ma haka abin yake, mayaƙanka ne ke taya ka biyan kuɗin sihirin. Ɗan Rakdos kuwa sai jini ya zuba wasansa ke araha. Mai ɗaure matattu da alƙalami da mai farantawa 'yan kallo da jini, in ji su, ba sana'a ɗaya suke ba, balle asiri ɗaya.

Bahaushe ba zai sha wahalar gane abin da suke nufi ba. Mun san asirin wuta na maƙera ne, na ruwa na sarkawa, na aska na wanzamai, kowane gida da abin da ya gada kaka da kakanni, ga sarkin sana'a da ke tsaye a kai, kuma ba a miƙa wa bare. Irin wannan kallon masu cewa goma ne suke yi wa Ravnica.

Masu cewa ɗaya ne

Su kuma waɗannan cewa suke yi a bi a hankali, domin katunan da aka kafa hujja da su sun ba da shaidar da ta saɓa. Dabarar nan ta Selesnya, ta mayaƙa su taya biyan kuɗin sihiri, an sake fito da ita a 2014 a jerin Magic 2015, ta bazu har cikin ja da baƙi, launukan da ba su da alaƙa da Selesnya. Dabarar Gruul ta farko, wadda mayaƙi ke shigowa da ƙarin ƙarfi in an riga an ji wa abokin gaba ciwo, ta koma hannun masu shan jini na baƙin launi a 2011. Mafi ƙarfi ita ce ta Dimir. A 2018 aka ba su dabarar leƙa katin da ke saman tulinka, ka ga ko za ka bar shi ko ka jefa maƙabarta, aka ce ga aikin ɗan leƙen asiri. A 2024, a jerin Murders at Karlov Manor, a cikin Ravnica ɗin kanta, sai aka buga katunan ƙasa guda 10, ɗaya ga kowane haɗin launi, kowannensu yana yin wannan leƙen. Asirin da gida goma ke yi, ta ina ya zama na gida ɗaya?

Sannan suna tuna wa abokan gardamarsu yadda aka haifi ƙungiyoyin tun farko. Mark Rosewater, wanda ya jagoranci tsara jerin 2005, ya sha bayyana cewa abin da ake nema shi ne wasa mai launi biyu, domin jerin Invasion na shekarar 2000 ya riga ya tura mutane su haɗa launuka da yawa. Lissafi ne ya ba da goma, daga baya aka ɗinka wa kowane haɗi sana'a da tarihi da tambari. Launi ya riga ƙungiya zuwa duniya. Saboda haka, a ganinsu, Golgari ba su mallaki sihirin kabari ba. Baƙi da kore ne ke da shi, a kowace duniya ta wasan, Golgari kuwa masu haya ne.

Akwai kuma maganar Yarjejeniya, kuma a nan suka fi jin ƙarfinsu. Labarin ya ce shekara 10,000 kafin farkon abin da aka nuna mana, shugabannin ƙungiyoyin sun sa hannu a wata yarjejeniya mai ƙarfin sihiri, wadda Azor, kakan Azorius, ya tsara, ta raba wa kowa aikinsa ta hana yaƙi. A littattafan Cory Herndon na 2005 da 2006, wannan yarjejeniya ta karye, bayan ɗan sanda Agrus Kos ya kama Szadek, shugaban Dimir, ya fito da ƙungiyar ɓoye fili. To da sihirin kowace ƙungiya daga yarjejeniyar yake fitowa, ai da ya mutu tare da ita. Bai mutu ba. Da aka koma a 2012, Izzet na nan na fasa tukwane, Golgari na nan na tayar da gawa.

Raddin masu goma

Ba su yi shiru ba. Suka ce maganar katin da ya bazu zuwa wasu launuka magana ce ta masu tsara wasa, waɗanda dole su sake amfani da dabarar da ta karɓu. Ba ta nuna cewa a cikin labari ɗan Boros ya koyi leƙen asirin Dimir ba. Wannan amsa tana da rauni, domin su ne suka fara kafa hujja da kati, kuma ba a karɓar shaida in ta yi daɗi a kore ta in ta juya. Amma abin da suka kawo bayanta ya fi nauyi.

Suka ce a dubi Strixhaven. A 2021 wasan ya kai mu wata jami'ar sihiri a duniyar Arcavios, mai kwalejoji biyar, kowace da launi biyu, kuma haɗe-haɗen irin na Ravnica ne. Ja da fari a Ravnica shi ne Boros, rundunar da ke ƙara ƙarfi in mayaƙa uku sun kai hari tare. Ja da fari a Strixhaven shi ne Lorehold, masu tonon tarihi, waɗanda ke kiran kurwar mutanen da su shiga gumaka su ba da labarin zamaninsu. Kore da shuɗi a Ravnica masu haɗa kifi da ƙadangare ne su fito da sabuwar halitta. A Strixhaven malaman lissafi ne. Fari da baƙi a Ravnica masu bin bashi ne, a Strixhaven masu kaifin harshe, waɗanda yabo da zambo ne makaminsu. Makamashi ɗaya, amma abin da ya fito bai yi kama ba ko kaɗan. To in launi ne kaɗai ke magana, me ya hana Lorehold zama Boros? Ashe gidan da mutum ya tashi shi ke yanke irin sihirin da zai fito daga hannunsa.

Suka ƙara da labarin Kaya. Baƙuwa ce daga wata duniya, sana'arta kashe fatalwowi. Ta hallaka majalisar Obzedat, sai shugabancin Orzhov ya faɗo kanta, tare da duk basussukan da ƙungiyar ke bi, suka ɗaure a jikinta ta hanyar sihiri, nauyinsu yana danne ta. Ba ta zo da wannan ba, kujerar ce ta ɗora mata. Ga sihirin da ba na launi ba ne, na ƙungiya ne tsantsa.

Raddin masu ɗaya

Nan ma akwai amsa. Kaya, in ji su, fari da baƙi take tun kafin ta taka Ravnica, shi ya sa kujerar ta zauna mata. Dovin Baan, wanda ya zo daga wata duniya ya hau kan Azorius bayan an kashe shugabarta, Isperia, shi ma fari da shuɗi ya zo da su. Baƙi biyu sun jagoranci ƙungiyoyi ba tare da sun yi ƙuruciya a cikinsu ba. Ina gadon yake?

Simic ma suna cikin hujjojinsu. A 2006, ƙarƙashin Momir Vig, aikinsu liƙa wa halittu wani abu mai rai ne da ke sauya jiki, gwajin da ya ƙare da bala'i ya rusa ƙungiyar. Da ta farfaɗo, 'yan ruwa ne suka fito daga tekun da ke ɓoye ƙarƙashin birni suka karɓe ta, ƙarƙashin Zegana, da wata hanya dabam ta haɗa jinsin halittu. Mutane sun sauya, hanya ta sauya, suna da tambari ne suka rage. Wace ce Simic ta gaskiya a ciki?

Littafin Guildmasters' Guide to Ravnica na 2018, wanda ya shigar da birnin cikin wasan Dungeons & Dragons, kowane ɓangare yana jan sa gefensa. A ciki, mai sihiri na Izzet da na Dimir duk tsari ɗaya suke bi, amma shiga ƙungiya tana ƙara wa mutum wasu 'yan laƙanoni a kan nasa, kuma an bayyana yadda kamannin sihirin kowace ƙungiya yake a ido. Masu ɗaya sun riƙe tsarin, masu goma sun riƙe ƙarin.

Tankaɗe da rairaya

A ganina, ɓangarorin biyu sun daɗe suna amsa tambayoyi biyu mabambanta, kowa yana zaton tambaya ɗaya ce. In ana maganar inda ƙarfin ke fitowa ne, masu ɗaya sun yi nasara, kuma ban ga abin da za a ce a tayar da wannan ba. Karyewar Yarjejeniya ta isa shaida: an tsinke igiyar da ta ɗaure ƙungiyoyin, wutar kowa ba ta mutu ba. In kuwa ana maganar abin da ake yi da ƙarfin ne, Strixhaven ta tsaya wa masu goma tsayin daka. Ja da fari ba sa haifar soja da kansu. Sai an yi shekara dubbai ana horar da mutane a bariki ɗaya, da rantsuwa ɗaya, kafin a samu Boros.

Akwai wasu katuna da na fi ba muhimmanci a kan duk waɗanda aka ambata, domin suna nuna cewa masu tsara wasan ma sun yi ta kai da komo a kan wannan batu. Kowace ƙungiya tana da katin malamin sihirinta. A zuwan farko, kowane malami yana da aiki biyu, ɗaya da launinsa na farko kaɗai, ɗaya da na biyu kaɗai. Malamin Azorius, misali, da fari yake tsayar da mayaƙi, da shuɗi yake warware dabarar abokin gaba. Ilimi biyu a kai ɗaya, ba su gauraya ba. A zuwan 2012 da 2013 sai aka sauya: duk aikin da malami zai yi sai ya haɗa launukan biyu tare, kamar an narka su sun zama abu na uku. A 2018 da 2019 aka sake raba su. Wanda ya ce sihirin ƙungiya launi biyu ne da aka jera gefe da gefe yana da kati a hannu. Wanda ya ce wani sabon abu ne da haɗuwar ta haifa shi ma yana da nasa.

Inda nake jin masu ɗaya sun yi sakaci shi ne batun kujera. Suna magana kamar duk sihirin Ravnica na hannun mutum ne, alhali birnin cike yake da sihirin da ke manne da muƙami da alkawari. Abin da ya danne Kaya ba daga launinta ya fito ba. A ƙarshen jerin Dragon's Maze na 2013, sai da wakilan ƙungiyoyi goma suka bi ta ƙofofi goma na wata ɓoyayyiyar hanya da Azor ya shimfiɗa, kafin Yarjejeniya ta dawo a jikin mutum guda, Jace Beleren, wanda maganarsa ta zama doka mai ɗaure kowa. A yaƙin 2019 da wani mamayi mai suna Nicol Bolas, sai da aka tara wakilin kowace ƙungiya kafin a iya tayar da Niv-Mizzet bayan an kashe shi. Da launi biyar ne kaɗai abin buƙata, da mutum biyar sun wadatar, ko ma uku masu launi bibbiyu. Goma aka nema. Wannan yana nuna cewa a idon sihirin birnin, ƙungiya wani abu ce mai zaman kanta, ba tarin masu launi iri ɗaya kawai ba. Wannan ne ma ya sa nake ganin gardamar ta cancanci lokacin da ake ba ta, domin a ƙarƙashinta tambaya ce game da ko hukuma tana da rai nata dabam da na mutanen da ke cikinta.

Amma masu goma ma sun wuce gona da iri da suka ce bare ba zai iya ba. Akwai ɗimbin mazauna birnin da ba sa cikin kowace ƙungiya, kuma ba a ce an rufe musu ƙofar sihiri ba. Abin da ƙungiya ta mallaka shi ne makaranta, da kayan aiki, da izini, da alkawuran da aka ƙulla da sunanta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, sai dai bai kai a ce jininsu dabam ne ba.

Abin da ya rage a buɗe shi ne iyakar abin da kujera ke iya yi wa wanda ya hau ta, kuma a nan shaidar ta rabu biyu daidai. Mutum biyu ne suka riƙe muƙamin Yarjejeniya mai rai. Da aka buga katin Jace da wannan laƙabi a 2014, shuɗi ne zalla, kamar yadda yake tun asali. Ya ɗauki ikon ƙungiyoyi goma bai ɗauki launin kowa ba. Da aka buga katin Niv-Mizzet bayan tashinsa a 2019, dodon da aka sani da shuɗi da ja ya fito da launuka biyar cif, kuma aikinsa a wasa shi ne ya zaɓo maka kati ɗaya daga kowane haɗin launi biyu. Masu ɗaya za su ce Jace ne ƙa'ida, Niv-Mizzet kuwa mutuwa da tashi ne suka sauya shi, ba muƙami ba. Masu goma za su ce Jace bai taɓa zama ya riƙe aikin ba, kullum yana yawon wasu duniyoyi ya bar birnin ba alƙali, don haka a jikin dodon ne aka ga abin da kujerar ke yi in an zauna a kanta da gaske. Na fi karkata ga na biyun, domin Niv-Mizzet ɗan birnin ne, yana cikin waɗanda suka sa hannu a yarjejeniyar farko. Sai dai karkata ce kawai, kuma katin Jace yana nan da shuɗinsa ga duk mai son ya ja da ni.